Awon himoglobin a jinin shanu: daga ruga zuwa teburin gwaji

Jinin da za a auna da azahar, tun da asuba ake gyara shi ko a ɓata shi. Shi ya sa idan aka kira mu garken da shanu ke ramewa a wajen Bukuru ko Barikin Ladi, kafin rana ta ɗaga muke isa rugar. A lokacin an gama tatsa, ba a saki shanu kiwo ba, ƙishirwa ba ta kama su ba. Saniyar da ta wuni tana tafiya ba ta sha ruwa ba jininta kauri yake yi, awon ya hau, ta fito da lamba mai kyau alhali jinin bai ishe ta ba.

Abin da muke nema shi ne himoglobin, wanda a takardar gwaji ake rubutawa Hb. Shi ne jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, mai ɗauke da ƙarfe, mai kai iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Kowane giram ɗaya nasa yana ɗaukar kimanin mililita 1.34 na oksijin. Ana auna shi da giram a desilita, wato giram nawa ne a mililita 100 na jini. Littattafan likitancin dabbobi sun ajiye lafiyayyar saniya tsakanin 8 da 15. Abokin tafiyarsa shi ne PCV, kason da jajayen ƙwayoyi suka cike a cikin jini, wanda a shanu yake tsakanin kashi 24 da 46 cikin ɗari. Mu ba ma sa hannu a takardar da ke ɗauke da ɗaya ba ɗayan. Dalilin zai fito a gaba.

Kafin allura, ido. Mukan ja fatar ido ta ƙasa, mu duba dasashi, mu buɗe farjin saniyar mu ga launin cikinsa. Bunaji, farar saniyar da ta fi yawa a nan Filato, tana da baƙin hanci da baƙin gefen ido, sau da yawa dasashinta ma da baƙi-baƙi, don haka baki yana ruɗin mutum. Cikin ido da farji sun fi faɗin gaskiya. Akwai katin launi na FAMACHA da wasu ke yawo da shi. A Afirka ta Kudu aka tsara shi, domin tumaki da awaki masu tsutsar ciki mai shan jini, ba domin shanu ba. Kuma ido kansa sai jini ya yi ƙasa sosai yake ganewa. Saniya mai giram 7 za ta iya wuce mutum bai lura ba.

Kamu shi ne wuri na farko da lamba ke karkacewa. Saifar saniya ma'ajiyar jajayen ƙwayoyi ce. Da zarar dabbar ta firgita sai saifar ta matse ta watsa su cikin jijiya, Hb da PCV su hau tare. Karsanar da yara suka yi ta kora a fili kafin a kayar da ita, ba jininta na kullum muka ɗiba ba. Abin da mukan ce wa mai garke ke nan: "Baffa, a bar wanda ta saba da shi ya sa mata igiya, mu za mu tsaya daga nesa." Idan dole aka sha kokawa da ita, sai a ɗaure ta a inuwa, a wuce ga wasu, a dawo kanta bayan rabin sa'a, a kuma rubuta a littafi cewa ta sha kamu.

Jijiyar wuya muka fi ɗiba. A ɗaga kan a karkata shi gefe, a danna kwarmin wuya daga ƙasa da babban yatsa har jijiyar ta cika ta tashi kamar igiya. A goge wurin da sifirit, a jira ya bushe, don sifirit mai jiƙa yana fasa ƙwayoyin jini. Allura mai lamba 18 ta isa saniya, bijimi mai kaurin fata sai 16. A soka ta a karkace, bakinta na fuskantar kai, da ƙarfi sau ɗaya. Lallaɓawa ita ke sa dabbar fizga. In saniyar na tsaye a matsattsen wuri, jijiyar wutsiya ta fi sauƙi: a ɗaga wutsiyar sama sosai, a laluba kwarmin tsakiya ta ƙasa, kimanin faɗin tafin hannu daga gindinta, tsakanin ƙashi da ƙashi, a soka a miƙe, zurfin bai wuce santimita ɗaya ba. Kowace dabba da sabuwar allurarta. Cutar anafilasma tana bin allura daga saniya zuwa saniya, kuma abin kunya ne a zo auna ƙarancin jini a bar wa garke sanadinsa.

Jinin yana shiga kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, wadda ke da EDTA, maganin hana daskarewa. An auna maganin ne daidai da jinin da kwalbar za ta ci, kimanin miligiram 1.5 zuwa 2 ga kowane mililita, saboda haka a cika ta har layin da aka zana. In da sirinji aka ɗiba, a cire allurar, a buɗe murfin, a zuba jinin a hankali ta jikin kwalbar. Tura shi da ƙarfi ta cikin allura fasa ƙwayoyi yake yi. Nan take a kifa kwalbar a miƙar, sau takwas zuwa goma, ba girgizawa ba. Wanda ya ce bari ya gama da saniya ta gaba tukuna zai tarar da gudaji, kuma kwalba mai gudaji ko ɗan ƙanƙani ne ta tashi daga aiki, don ƙwayoyin da suka maƙale a gudajin ba za su shiga awo ba. A rubuta lamba a jikin kwalbar, ba a murfi ba. A littafi kuma a sa lambar, launin saniyar, shekarunta, tana da ciki ko tana shayarwa, zafin jikinta, da allurar da aka yi mata kwanan nan. Sai cikin kula, da tsumma ko kwali tsakanin kwalabe da ƙanƙara. Jinin da ya daskare a sanyi ya narke, ƙwayoyinsa duk sun fashe.

Akwai 'yar na'urar hannu da ake iya karanta Hb da ita a rugar, irin HemoCue ta ƙasar Suwidin. Ana ɗiga jinin da aka cakuɗa a kan leda mai tsabta, a taɓa bakin 'yar robar awo a ɗigon, ta zuƙi kimanin maikrolita 10 da kanta (maikrolita dubu ne mililita ɗaya), a goge bayanta, a tura cikin na'urar, lamba ta fito cikin minti ɗaya. Dole robar ta cika a zuƙa ɗaya. In ta tsaya rabi ba a ƙarasa ta, sabuwa ake ɗauka, haka in an ga kumfa a idonta. Samfurin 201 yana da busasshen magani a cikin robar, kuma laima na kashe shi. A daminar Jos, gwangwanin da aka bari a buɗe ko wanda ya wuce wata uku da buɗewa ba abin dogaro ba ne. Yana kuma son yanayi tsakanin digiri 15 da 30, ga shi safiyar hunturu a nan takan sauka ƙasa da haka, sai a sa na'urar cikin riga ta ɗan ɗumama. Samfurin 301 ba shi da magani a robar, ya fi jure zafi da laima, amma yana son a karanta cikin daƙiƙa 40 da cikawa. Duka biyun da jinin mutum aka saita su. Suna aiki a shanu, sai dai kowace sabuwar na'ura mukan gwada ta da kwalabe ashirin ko fiye kafaɗa da kafaɗa da hanyar Drabkin, awon ɗakin gwaji da za mu bayyana a gaba, mu ga ko tana hawa ko tana sauka, kafin mu yarda da ita. Takardar launi ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai matakai 4, 6, 8, 10, 12 da 14, ta isa ta raba saniyar da ke cikin hatsari da wadda ba ta ciki, iyakarta ke nan.

A ɗakin gwaji, abu na farko shi ne a fito da kwalaben su huce daga sanyin kula, sannan a sake cakuɗa kowace, kifawa da miƙarwa kamar sau ashirin. Jinin saniya ba ya saurin kwanciya kamar na doki, wannan ne ma ke sa mutum sakaci. Amma bayan sa'o'i a mota ya kwanta, kuma wanda ya ɗiba daga sama zai sami lamba ƙasa, wanda ya ɗiba daga gindi ya sami lamba sama.

PCV muke fara yi, domin a bututunsa muke neman ƙwayar sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ita kuwa ba ta daɗewa tana motsi a kwalba. Mun fi so mu duba ta cikin sa'a huɗu zuwa shida da ɗiba. Siririn bututun gilashi mai tsawon milimita 75, mai shuɗin zobe, wato marar magani, tunda jinin ya riga ya sha EDTA. A cika kashi uku cikin huɗu, a toshe ƙarshensa da yumɓun toshi, a jera a injin juya jini, toshin na fuskantar waje yana jingine da robar gefe, kowane bututu da abokinsa a ɗaya ɓangaren. Minti biyar a gudun 12,000 a minti. Bututun zai fito hawa uku: ja a ƙasa, siririn farin zobe a tsakiya, ruwan jini a sama. A karanta a saman jan, ban da farin zoben. A dubi launin ruwan saman a rubuta: na lafiyayyar saniya garau yake ko rawaya-rawaya saboda ɗanyar ciyawa, in ya yi ja, ƙwayoyi sun fashe. Daga nan a karya bututun dab da ƙasan farin zoben, a ɗiga zoben a gilashi a duba a madubin likita. A nan ƙwayar sammore ke taruwa. Da ana cewa tudun Jos ba shi da ƙudan tsando, shi ya ja makiyaya da yawa suka zauna a nan, amma yanzu ana samun sammore a garkunan tudun, balle waɗanda ke sauka kudu cin rani su dawo.

Sai asalin awon. Hanyar da duniya ta ɗauka ma'auni ita ce ta Drabkin, wadda David Drabkin da abokin aikinsa Austin suka fitar a Amurka a shekarun 1930, kwamitin ƙasa da ƙasa mai daidaita awon jini ya amince da ita a shekarun 1960. Hikimarta ita ce himoglobin a cikin jini iri-iri yake, wani ɗauke da oksijin, wani ya sauke, wani ya lalace, kowane da launinsa. Ruwan Drabkin yana fasa ƙwayoyin ya mayar da kusan dukkan ire-iren abu ɗaya mai launi ɗaya da ba ya gushewa da wuri, sai a auna duhun launin da haske mai tsawon nanomita 540.

A lita ɗaya na tataccen ruwa ana narka miligiram 200 na fotasiyam ferisayanaid, miligiram 50 na fotasiyam sayanaid, da giram ɗaya na sodiyam baikabonet. Wannan ne tsohon haɗi. Wanda van Kampen da Zijlstra suka gyara a 1961 ya maye baikabonet da miligiram 140 na fotasiyam daihaidirojin fosfet, ya ƙara mililita ɗaya na wani sabulun ruwa na ɗakin gwaji, don aikin ya yi sauri kuma ruwan kada ya yi gurɓi. Yawanci a haɗe ake sayo shi, a tsarma yadda takardarsa ta ce. Lafiyayyen ruwan Drabkin rawaya ne mai haske, garau. Ana ajiye shi a kwalba mai duhu, nesa da rana, ba a firiza ba. In ya daskare launinsa gushewa yake, ya daina aiki. In ya yi gurɓi ko ya koɗe, a haɗa sabo.

A jera kwalaben gwaji, biyu ga kowace saniya, a zuba mililita 5 na ruwan a kowace. A ɗebi maikrolita 20 na jini da fifet, wato abin zuƙar ruwa da awo. Duk aikin a nan yake. Maikrolita 20 bai kai ɗigo ɗaya ba, don haka kuskuren maikrolita ɗaya kacal kashi biyar cikin ɗari ne, wato rabin giram ga saniya mai giram 10. Jinin da ya manne a bayan bakin fifet ya kai haka ko ya fi. A goge bayan da auduga ko takarda mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ba tare da taɓa ƙofar ba, don takardar kan zuƙe na ciki. A tsoma bakin cikin ruwan Drabkin, a tura jinin, a zuƙa a tura sau uku ko huɗu har bakin ya wanku tas. Jinin saniya mai lafiya yana da danƙo, in aka zuƙa da gaggawa sai kumfa ta shiga. A toshe kwalbar a kifa ta sau da yawa. Jinin ya tsarmu ke nan kashi ɗaya cikin 251.

A jira. Sabon haɗi minti biyar ya ishe shi, tsohon kuwa goma zuwa goma sha biyar. Da sanyin Disamba da Janairu mukan ba kowanne goma sha biyar, don sanyi na rage saurin juyawar, kuma jira ba ya ɓata komai tunda launin yana tsayawa sa'o'i. Wanda ya karanta da wuri ne ke samun lambar da ba ta zauna ba.

A kunna na'urar auna launi minti goma sha biyar kafin a fara, a sa ta a 540, ko koriyar matata in mai matata ce. A saita sifiri da ruwan Drabkin zalla, ba da ruwa ba. 'Yar kwalbar karatu a riƙe ta ta gefen da haske ba ya bi, a goge ta, a riƙa sa ta fuska ɗaya kowane karo. In wuta ta ɗauke aka koma janareta, a sake saita sifiri; mu kan sake dubawa ma bayan kowace kwalba goma.

Lambar da na'urar ke bayarwa duhun launi ne, ba giram ba. Ana mayar da ita giram da ruwan ma'auni, wato ruwan da aka riga aka san yawan himoglobin ɗin cikinsa, wanda ake sayowa a 'yar kwalba a rufe, a ajiye a firij. Kuskuren da muka fi gani wurin ɗaliban da ke zuwa koyon aiki shi ne su ɗebi maikrolita 20 na ma'aunin su zuba a mililita 5 kamar jini. Ma'aunin a tsarme yake zuwa, kai tsaye ake karanta shi. Idan an rubuta masa miligiram 60 a desilita, a ninka da 251, ya zama daidai da jini mai giram 15.06. A ce ma'aunin ya ba da 0.410, jinin saniya ya ba da 0.190. A raba 0.190 da 0.410, a ninka da 15.06, a sami giram 7.0. Duk lokacin da aka haɗa sabon ruwa ko aka canza wa na'ura ƙwan fitila, a tsarma ma'aunin rabi da kwata da ruwan Drabkin, a karanta duka ukun, a zana a takarda. Dole su hau miƙaƙƙen layi da ya ratsa sifiri. In layin ya lanƙwashe daga sama, na'urar na rage wa shanu masu jini sosai. Akwai lissafin kai tsaye, a ninka abin da na'ura ta nuna da 36.8, amma wannan sai babbar na'ura da aka tabbatar da saitinta, mai kwalbar karatu santimita ɗaya. A ƙaramar na'ura mai matata ba ya aiki. Kwalabe biyun saniya ɗaya kuma in sun bambanta da fiye da giram 0.3, ba ma raba tsakani, sakewa muke yi.

Kafin a sa kowace kwalba a na'ura a ɗaga ta a haske. In ba garau take ba, na'urar za ta ɗauki gurɓin a matsayin launi, lamba ta hau. Maiƙo a jini na jawo haka, da yawan fararen ƙwayoyi, da dunƙulen lalataccen himoglobin irin na saniyar da ta ci ganyen kabeji ko albasa da yawa, abin da ke faruwa a nan inda shanu ke shiga lambu bayan an kwashe kaya. A juya ruwan a inji minti goma, a karanta na saman.

Hanyar Sahli ta girmi wannan, tun farkon ƙarni na 20 likitan nan na Suwizalan Hermann Sahli ya fito da ita, kuma har yau ita ce a ɗakunan gwaji da yawa saboda ba ta son wuta. Akwatinta na da bututu mai zane, gilasai biyu masu ruwan ƙasa a gefe da gefe, fifet na maikrolita 20, da ɗan sandan gilashi. A zuba asid na haidirokilorik mai ƙarfin ɗaya bisa goma har zanen 2. Ana haɗa shi da kimanin mililita 8.3 na asid mai kauri a cika lita, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. A sa jini maikrolita 20, a wanke fifet a ciki, a motsa, a jira minti goma cif. Jinin zai koma ruwan ƙasa. Sai a riƙa ɗiga tataccen ruwa ɗigo-ɗigo ana motsawa har launin ya yi daidai da gilasan gefe. A ɗaga sandan sama da ruwan lokacin kwatantawa amma kada a fitar da shi daga bututun, don abin da ya manne masa na cikin awo. A kwatanta a bakin taga da hasken rana, ba a cikin ranar ba, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, hannu a miƙe. A karanta a gindin lanƙwasar ruwan.

Ra'ayinmu a kanta a fili yake: ta fi babu, amma ba a gina bincike a kanta. Launin yana ci gaba da duhu bayan minti goman, gilasan gefe suna koɗewa da shekaru, mutum biyu za su kalli bututu ɗaya su bambanta da giram guda, kuma ɗigo ɗaya in ya wuce ba a mayar da shi. Fifet ɗinta na zuwa da robar zuƙa da baki. Kada a sa ta a baki. Jinin saniya na iya ɗauke da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, kuma tana kama mutum. A haɗa robar da ƙaramin sirinji.

Ga wani hatsari da ba a cika faɗa ba. A ƙaramin ɗakin gwaji asid ɗin Sahli da ruwan Drabkin a teburi ɗaya suke zama, wurin wanki ɗaya. Sayanaid in ya haɗu da asid iskar guba yake saki. Miligiram 50 a lita ba yawa ba ne, amma ba abin wasa ba ne a ɗaki mai taga ɗaya. Ragowar Drabkin a tara ta a jarkarta daban, a zuba mata ruwan bilic mai yawa, ta kwana, sannan a zubar da ruwa mai yawa a bayanta. Garin sayanaid kansa a kulle yake zama, mutum ɗaya ke riƙe makulli.

Yanzu a ajiye lambobin biyu kusa da juna. A jinin da ba shi da matsala, Hb kashi ɗaya ne cikin uku na PCV. A raba Hb da PCV a ninka da ɗari, abin da ya fito a shanu yana tsakanin 30 da 36. Saniyar can mai giram 7.0, in PCV ɗinta 21 ne, lissafi ya ba da 33: awon ya zauna, jininta ne ya yi ƙasa da gaske, sai a nemi dalili a farin zobe da kashi da jikinta. Amma in wata ta ba da giram 9.2 da PCV 20, lissafi ya kai 46, kuma babu ƙwayar jinin da ke iya ɗaukar himoglobin haka. Wani abu ne ya faru. A koma ga ruwan saman bututun. In ja ne, ƙwayoyi sun fashe, himoglobin ɗinsu na yawo a ruwan jini, Drabkin ya ƙirga shi, PCV bai ƙirga ba. Sai a tambaya: a hannunmu suka fashe ko a jikin saniyar? In kwalabe da yawa sun yi ja, a tuhumi ƙanƙara ko sirinji. In ita kaɗai ce, tana da zazzaɓi, kaska ta cika mata hantsa, makiyayi ya ce fitsarinta ya yi ja, to babesiya ake nema, cutar kaska mai fasa ƙwayoyin jini, a shafa jinin kunne a gilashi a rina a duba. A irin wannan saniya giram 9.2 ƙarya ce mai hatsari, PCV ne ke faɗin halin da take ciki. In kuwa ruwan saman garau ne, a duba kwalbar: wadda ba a cika ba, EDTA ya yi mata yawa, ƙwayoyi sun tsuke, PCV ya sauka, Hb na nan yadda yake. In lissafin ya faɗi ƙasa da 30, a fara zargin fifet da ruwan Drabkin kafin a zargi dabbar, ko da yake maraƙin da nono kaɗai yake sha kan rasa ƙarfe ya nuna haka.

Akwai kuma inda lambobin biyu za su yi kyau saniya na haƙi. Wadda ta sha ruwan da takin zamani ya gurɓata, jininta kan koma launin cakulan, himoglobin ɗin na nan amma ba ya ɗaukar oksijin, Drabkin kuwa duka yake ƙirgawa. Wadda ta ci gyauron dawa gubarsa ta kama ta, jininta ja ne jawur. Launin jini a sirinji shi ma sakamako ne, a rubuta shi.

Wasu kan kai jinin shanu ɗakin gwajin mutane a cikin gari, inda injin ke fitar da takarda cikin minti ɗaya. Hb ɗin da injin ya bayar yawanci daidai ne. Ƙirgen ƙwayoyi da PCV ɗinsa ne abin dubawa, don ƙwayar jinin saniya ƙarama ce, kimanin rabin ta mutum, kuma injin da aka saita wa mutum kan tsallake ƙananan. A nemi inji mai saitin shanu, ko a yi PCV da hannu. Wanda ke kusa da Vom yana da sauƙi, tunda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tana can tun 1924, ga kwalejin koyon aikin ɗakin gwaji a gefenta.

Iyakar 8 zuwa 15 daga shanun Turai aka fi ɗebo ta. Tudun Jos ya kai kimanin mita 1,200, kuma tsayi na ɗan ɗaga jini. Ƙarshen rani, Maris da Afrilu, na saukar da shi. Mai shayarwa ta fi karsana ƙasa. Shi ya sa a kowane garke mukan ɗebi na shanu uku ko huɗu da mai su ya ce lafiyarsu lau, mu kwatanta marasa lafiyar da su.

Da an ce jini ya yi ƙasa, tambayar mai garke ɗaya ce: "Likita, wace allurar ƙarin jini za a yi mata?" Babbar saniya mai kiwo a jar ƙasar nan da wuya ta rasa ƙarfe. Abin da ke cinye jinin ake nema: sammore, kaska da cututtukanta, tsutsar hanta ga masu kiwo a fadama da bakin tsofaffin kududdufan kuza, tsutsar ciki a ƙananan dabbobi da damina, ko yunwa. Wadda ta sauka giram 5 ko ƙasa, a hana ta tafiya kiwo, a kawo mata ciyawa da ruwa inda take, kada a kayar da ita da ƙarfi, likita ya gan ta a ranar. Bayan magani mukan koma bayan mako biyu zuwa uku, da asuba kamar na farko, jijiya ɗaya, hanyar awo ɗaya, mu ɗebi shanun nan dai masu lambobin nan dai a littafi. Wadda Hb ɗinta bai motsa ba, a sake karya bututunta a duba farin zobe, a kuma tambayi nawa aka auna mata maganin da wa ya ƙiyasta nauyinta.